3.4 Karin Magana da Rayuwar Manoma a Shanono: Darasi Daga Ƙasar Ailan

Wannan sashe zai yi ƙoƙarin nuna cewa karin magana ba ya tsayuwa shi kaɗai, yana jingine ne da sana'a da kayan aikin mutanen da suka ƙirƙire shi. Shanono, wadda ke arewa maso yammacin Jihar Kano tana iyaka da Jihar Katsina, ƙasa ce ta manoman gero da dawa da gyaɗa da wake. Saboda haka yawancin hikimomin da ake ji a bakin dattawanta daga gona da gida aka ciro su.

Misali na farko shi ne, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." A al'ada, a ƙasa ake haɗa jinka a baibaye ta da ciyawa, sannan a kira maƙwabta su ɗaga ta tare, su ɗora a kan ɗaki ko rumbu. Wanda ya taɓa sa hannu a wannan aiki ba ya bukatar a yi masa sharhi. Wannan hikima ce kuma ta riƙe al'adar gayya, inda samari kan taru su nome gonar mutum guda a yini ɗaya. Misali na biyu shi ne, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Gora sai ta bushe, a yanke bakinta, a ƙwaƙule cikinta, a jiƙa ta kwanaki har ɗacin ya fita kafin a zuba ruwan sha. A yau kwanon rufi yana maye gurbin jinka, jarka kuma ta kori gora. Yaro zai iya haddace kalmomin, amma hoton da ya ba su ƙarfi ya ɓace masa.

An daɗe ana tattara karin maganar Hausa. Merrick ya buga nasa a 1905, Whitting a 1940, sai Kirk-Greene a 1966 da karin magana 500. Sai dai galibi jero su aka yi tare da fassarar Ingilishi da gajeren bayani, ba a faɗi ƙauyen da aka ji su ba, ko lokacin da ake furta su.

A nan ne ya kamata a dubi Ailan, wani tsibiri da ke yamma da Ingila, wanda mutanensa su ma a da galibi manoma ne masu harshensu na gado. Suna kiran karin magana seanfhocal, wato tsohuwar magana. A da kuma suna da al'adar aikin taro mai suna meitheal, wadda ta yi daidai da gayya, har suna da zancen hikima mai nuna cewa mutane a inuwar juna suke rayuwa. Yunwar da ta afka musu daga 1845 zuwa 1852, sakamakon cutar dankalin Turawa, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura, abin da ya ƙara raunana harshen. Domin ceto abin da ya rage, gwamnati ta kafa hukumar tattara adabin baka a 1935. Daga 1937 zuwa 1939, yara fiye da 50,000 daga makarantun firamare kimanin 5,000 suka rubuto tatsuniyoyi da karin magana daga bakin iyaye da kakanni, suna haɗawa da sunan mai bayani da garinsa. Waɗannan rubuce-rubuce suna ajiye a wata jami'a da ke birnin Dablin, an kuma sanya su a intanet.

Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa hanyar ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Malaman Hausa a makarantun Shanono za su iya ba ɗalibai aikin rubuto karin magana daga dattawan gidajensu, tare da bayanin abin da ake nufi, da yanayin da ake faɗarsa, da siffar kayan aikin da aka ambata. Dattawan da suka ɗaga jinka da hannunsu kullum raguwa suke yi, kuma su kaɗai ne za su iya ba da wannan bayani. Sashe na gaba zai duba karin maganganun da suka shafi damina da girbi.