Tsibirin da Laka Ta Dawo da Shi

Tilghman ƙauyen masunta ne a gabashin mashigin tekun Chesapeake, cikin jihar Maryland ta Amurka. Tun da asuba ƙananan jirage ke fita, masu kamun ƙaguwa a lokacin zafi, masu ɗebo kawa a lokacin sanyi. Cikin jiragen da ke tashi daga gaɓar akwai wanda ba kamun kifi ne ya fitar da shi ba. Fasinjojinsa direbobin katafila ne da masu awon ƙasa da masana tsirrai da tsuntsaye, kuma inda suka nufa shi ne Poplar, tsibirin da ya kusa ɓacewa daga taswira.

A awon da aka yi a 1847, Poplar ya haura eka 1,100. Daga baya mutane kusan ɗari suka zauna a kansa, da gonakinsu da makaranta da coci da gidan waya. Sai ruwa ya shiga cinsa: teku na ƙara tasowa, ƙasar yankin na nutsewa sannu a hankali, igiyar ruwa kuma na zaizayar gefensa dare da rana. Zuwa shekarun 1920 mazauna sun watse. A farkon shekarun 1990 abin da ya rage bai wuce eka biyar ba, shi ma a gutsuttsure.

Can arewa kuwa, tashar jiragen ruwa ta Baltimore na da tata damuwar. Manyan jiragen dakon kaya suna bukatar hanya mai zurfin ƙafa 50, alhali koguna ba sa daina kwararo laka cikin mashigin. Dole a yi ta yashe duk shekara, kuma dole a samu inda za a zuba abin da aka yaso. Da can a tsakiyar ruwa ake juye shi, masunta da masu kare muhalli na kuka da hakan. Nan aka ga gaba ta kai gobarar Titi: wuri ɗaya na neman inda zai kai laka, wani na mutuwa don rashinta. Injiniyoyin sojan Amurka da hukumar tashar jiragen ruwa ta Maryland suka haɗa hannu, aka fara aiki a 1998, laka ta fara isowa a 2001.

Aikin na masu haƙuri ne. An fara da kewaye tsohon gurbin tsibirin da ganuwar yashi da duwatsu, aka rarraba cikinsa gida-gida. Da sanyi ake yashe. Manyan kwale-kwalen dako su kawo lakar, a sirka ta da ruwa, a turo ta cikin bututu zuwa gidan da aka ware. Ba kowace laka ake karɓa ba. Lakar hanyoyin jirage da ke cikin mashigin ake kawowa. Ta cikin tashar Baltimore, wadda masana'antu suka daɗe suna gurɓatawa, wani wuri dabam ake killace ta.

Idan zafi ya shigo, sai a koma busarwa. Ana tsaga kwatoci don ruwa ya tsiyaye, saman ya yi ɓawo ya tsattsage, a sake tsagawa, a sake jira. Gida ɗaya kan ɗauki shekaru kafin ya yi ƙwarin da zai ɗauki nauyin inji. Daga nan ne gwanintar masu awo ke bayyana, domin fadamar gaɓar teku ta dogara ne ga tsayin ƙasa. Ruwan gishiri na shigowa sau biyu a rana, ya janye sau biyu. In ƙasar ta yi ƙasa da yawa, ciyawa ta nutse ta ruɓe. In ta yi tudu, ruwa ba zai kai mata ba. Bambancin ’yan inci kaɗan ne tsakanin fadama mai rai da fili mara amfani. Bayan an daidaita, a haƙa ƙoramu masu lanƙwasa, a buɗe wa ruwan teku hanya, sannan a bi da dashe: doguwar ciyawa inda ruwa ke rufewa kullum, gajeriya a inda sai ya cika sosai yake kaiwa.

Da ciyawa ta kama, baƙi suka zo ba tare da gayyata ba. Ƙananan kifaye da ƙaguwa sun sami mafaka a ƙoramun. Zalɓe da balbela da agwagin daji da shaho mai kamun kifi sun yi sheƙa, an kuma ga tsuntsaye fiye da iri 200 a wurin. Kunkurun fadama, wanda jihar Maryland ke alfahari da shi, ya mai da yashin gaɓar wurin saka ƙwai. Kowace shekara akan raba wasu ’ya’yansa ga makarantu, yara su rene su a aji har su yi ƙwari, sannan su zo da kansu su sake su a ruwa. Yaron da ya yi watanni yana ciyar da kunkuru ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan amfanin fadama.

Da faɗaɗawar da aka yi, Poplar ya kai eka 1,715, ya zarce girmansa na 1847. Babu wanda zai sake gina gida ko ya yi noma a kansa; an bar shi ga ciyawa da tsuntsaye. Teku ma bai daina tasowa ba, don haka awo da gyara ba su da ranar ƙarewa. Duk da haka darasin ya karɓu, har an ɗauki wannan hanya don ceto tsibiran James da Barren da ke kudu. Abin da Poplar ya nuna shi ne lakar da ake yasowa dukiya ce, muddin an tantance tsabtarta, an zuba ta inda ya dace, an kuma ba ta lokacin da take bukata.