Kada Ku Goge System32

Sau uku saƙon nan ya shigo mini a WhatsApp cikin mako guda, na ƙarshe daga wani maƙwabcina da ya haɗa da tambaya: "Malam, in bi ko kada in bi?" Saƙon na cewa duk kwamfutar da File Explorer ɗinta ke daskarewa ko rufe kansa, ƙwayar cuta ce ta kama ta, fayiloli na gab da salwanta, don haka a sauke wata manhajar wanke kwamfuta, sannan a goge foldar System32, wai a can cutar take ɓuya, kuma wai ta tsofaffin kwamfutoci ce masu 32-bit.

Batun salwantar fayiloli ba gaskiya ba ne: idan File Explorer ya faɗi, layin ƙasan allo da gumakan kan allo kan ɓace na ɗan lokaci, amma takardunka na nan inda ka ajiye su. Manhajar wankin da ba a san mai ita ba kuwa, ita ce ta fi kama da hanyar shigar cuta.

Maganar System32 ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wannan folda ita ce ƙashin bayan Windows. A cikinta jigon tsarin yake, da direbobin da ke haɗa shi da allo da faifai, da kundin saituttukan da kwamfuta ke karantawa tun kafin ta nuna maka komai. Lambar 32 kuma kada ta ruɗi kowa: a kwamfuta mai 64-bit, fayilolin 64 ne ke zaune a System32, na 32 suna wata folda mai suna SysWOW64. Shi ya sa Windows kan ƙi yarda a taɓa ta. Wanda ya rubuta saƙon ya san haka, har ya koyar da yadda za a ƙwace izini a tsallake kariyar. Wannan ba kuskure ba ne, mugunta ce. Ba yau aka fara ba: a 2002 an yaɗa irin wannan ta imel, aka sa mutane suna goge wani fayil na Microsoft mai hoton ɗan beyar, jdbgmgr.exe, da sunan cuta. Wancan bai yi ɓarna sosai ba. Wannan kuwa yana hana kwamfuta tashi.

Na ga sakamakon da idona. 'Yar wani ɗan'uwana ta bi saƙon ana saura kwanaki ta miƙa aikin kammala karatunta. Kwamfutar ta ƙi tashi, mai gyara ya yi mata fomat ba tare da ya kwashe komai ba, aikin wata da watanni ya tafi. Ban ga laifinta ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Laifin na masu turawa ne ba tare da sun tambayi kowa ba.

Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a saƙon: cuta na iya jawo wannan matsala, musamman irin wadda ke bin filashi daga shagon buga takardu ta ɓoye foldodi. Amma ba ita kaɗai ba ce, kuma babu mai iya yanke hukunci daga nesa. Sau da yawa sanadin wata manhaja ce da ta cusa kanta cikin jerin da ke fitowa in an danna ɓangaren dama na linzami, ko lalataccen bidiyo da ake ƙoƙarin nuna ƙaramin hotonsa, ko faifan da ya fara gajiya.

Ga abin yi. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, nemi Windows Explorer, wato File Explorer, a jerin da zai fito, ka zaɓi Restart. Idan matsalar ta dawo, buɗe Reliability Monitor, zai nuna ranar da matsalar ta fara da manhajar da aka saka a lokacin. Cire ta ka gani. Sannan buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ka rubuta sfc /scannow, Windows zai duba fayilolinsa ya gyara waɗanda suka lalace. Ka sa Windows Security ya bincika kwamfutar gaba ɗaya. Kafin duk wannan, kwafi muhimman takardunka zuwa wani wuri, domin idan faifai ne ke mutuwa, babu umarnin da zai cece shi.

Amsar da na ba maƙwabcina ke nan: kada ka bi, kuma ka koma zauren da ka samo saƙon ka gaya musu dalili. Ya sake tayar da Explorer, ya cire wata manhajar matse fayiloli da ya saka kwanan baya, kwamfutarsa ta daidaita, takardunsa na nan cif.