Sawun Hausa a Cikin Abincin Tsohon Garin Ankara

Gabatarwa

Ankara, kamar yadda Hausawa ke kiran babban birnin ƙasar Gana, tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin Tekun Atlantika. Asalin garin na ƙabilar Ga ne, waɗanda sana'arsu su da fatauci. Duk da haka, wanda ya taka da ƙafa cikin tsofaffin unguwanninta tun daga asuba har zuwa almuru, zai tarar da abinci iri-iri masu sunayen Hausa, irin waɗanda ake ci kullum a Gumel ko Ɗanzomo. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun waɗannan sunaye, ta nuna yadda suka isa bakin teku, da kuma abin da ya halatta a fahimta daga gare su.

Yadda Hausawa Suka Isa

Turawa sun kafa sansanonin ciniki guda uku a gaɓar Ankara a ƙarni na 17. Mutanen Holan sun gina nasu a 1649, wanda yanzu ake kira Ussher Fort, Ingilishi suka gina James Fort a 1673, mutanen Denmak kuma suka zauna a Osu. A 1877 aka ɗauke hedkwatar mulkin mallaka daga Cape Coast aka mai da ita Ankara. Garin ba shi da matsaya mai zurfi, saboda haka manyan jirage kan tsaya can cikin ruwa, kwale-kwale su yi ta jigilar kaya, har zuwa 1962 da aka buɗe tashar Tema.

Ta hanyoyi biyu Hausawa suka iso. Ta farko ita ce aikin soja, domin rundunar da Glover ya kafa a Ikko ta yi wa Ingilishi yaƙi da Tonawa a 1873 zuwa 1874, wasu daga cikin sojojin kuma suka zauna. Ta biyu ita ce fataucin goro. Tun da daɗewa ayarin Gwanja kan sauka a Salaga, amma yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, fatake suka gangara kudu. Alhassan Ɗantata ma ya yi zama a Ankara, yana aika goro Ikko ta jirgin ruwa. Ta haka zanguna suka kafu, ciki har da Sabon Zango, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, daga baya kuma Nima ta bunƙasa.

Daga Asuba Zuwa Almuru

Idan mai tafiya ya fara daga hasumiyar fitilar jirage ta Jamestown, abin da zai fara cin karo da shi na masu gari ne, watau dokunu. Ƙullun masara ne da aka bari ya yi tsami, a naɗe shi cikin ɓawon masara a dafa, a ci da soyayyen kifi da yajin da Ga ke kira shito. Wannan shi ne abincin bakin teku na asali.

Amma kafin ya kai kasuwar Salaga, wadda sunanta kansa ke tunatar da tsohuwar hanyar goro, zai ga mata zaune gaban manyan tukwane a rufe. Abin da suke sayarwa kowa na kiransa Hausa koko, don a bambanta shi da kokon masara na mutanen kudu. Da gero ake yin sa, da citta da kanumfari da barkono. Abokin tafiyarsa shi ne koose, watau ƙosai, wani lokaci kuma masa ko pinkaso.

Da hantsi sai layi ya koma wajen mai waakye. Wannan ba kome ba ne illa shinkafa da wake, an yanke rabin sunan an bar rabi. Ana dafa ta da karan dafi da ɗan kanwa, shi ya sa takan fito ja-ja. Akan zuba ta cikin ganye, a haɗa da shito da garin rogo da ganda da ƙwai da taliya, wadda ita ma da sunanta na Hausa ake kiran ta. Mai sayarwar kuwa, ko daga wace ƙabila take, masu saye kan ce mata Hajiya ko Amarya.

Da rana, musamman idan aka ƙetare ruwan Korle zuwa Sabon Zango, akwai tuo zaafi, tuwo mai laushi da ake ci da miyar ayoyo, watau lalo, wadda aka sa wa daddawa. Akwai fura, wadda ake kira fula, da sobolo, watau zoɓo. Da magariba ta yi sai hayaƙin chichinga ya tashi a bakin titi. Tsire ne da yajin ƙuli, mai gasa shi kuma sunansa aboki.

Abin da Sunayen Ke Nunawa

Ga ɗalibin harshe, waɗannan sunaye hujja ce ta yadda Hausa kan sauya a bakin waɗanda ba harshensu na gado ba ne. Da farko, baƙaƙe masu ƙugiya sun sauƙaƙa, ƙ ta koma k, sa'an nan tagwan wasali ai ya koma e, shi ya sa ƙosai ya zama koose. Na biyu, a harshen Tonawa k kan koma c idan ta zo gaban e ko i, kuma da ky suke rubuta wannan sauti. Don haka wake ya zama waakye, ana furta shi wace, aboki kuma a ji shi aboci. Na uku, tuo zaafi ya rasa abin da ke haɗa kalmomin biyu, alhali Bakano zai ce tuwo mai zafi.

Sai dai akwai inda ya kamata a yi hattara. Kasancewar abinci yana da sunan Hausa ba ya nufin Hausawa kaɗai suka ƙago shi. Dagwambawa da Mosawa da Zabarmawa da Kwatakwalawa duk mutanen gero da dawa da wake ne, kuma suna da tuwonsu da sunayensa tun kafin a kafa zango. Da suka haɗu a kudu, Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da barikin soja, saboda haka da sunan Hausa abincin ya shiga kunnen mutanen bakin teku. Sunan yana shaidar harshen ciniki, ba lalle ya shaidi hannun da ya fara tuƙa tuwon ba. Kuma ko da dokar korar baƙi ta 1969 ta tilasta wa mutane da yawa barin Gana, abincin da sunayensa ba su tashi ba, domin sun riga sun zama na gida.

Kammalawa

Irin wannan cuɗanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gumel. Kasuwar Maigatari, wadda ke ci ran Alhamis a kan iyakar Nijar, ita ma tasha ce, sai dai rairayi ne a gabanta maimakon ruwa. Can Bahaushe da Bamange da Bafillace da Buzu ke cin abinci a rumfa ɗaya, gero da wake da riɗi da zoɓon da ake nomawa a Gagarawa da Sule Tankarkar kuma su ne ainihin kayan da aka gina abincin zangunan Ankara a kansu, in ban da riɗi. Ɗalibin da ya zaga rumfunan abincin wannan kasuwa da littafi a hannu, yana rubuta sunan kowane abinci da yadda kowace ƙabila ke furta shi, zai tara abin da har yanzu yawancinsa a bakin tsofaffin masu tuwo yake. Su kuwa ba za su dawwama ba.