YADDA AKE AUNA ƘARFIN BARASA DA SIRKA TA

Duk kwalbar barasar da ta ratsa hannun ma'aikatan kwastan tana ɗauke da lamba a jikinta, sau da yawa 40. Ma'anarta ita ce kashi 40 daga cikin 100 na abin da ke ciki tsantsar sinadarin itanol ne, saura kuwa galibi ruwa. Da wannan lamba hukumomi ke yanke haraji a ƙasashe da dama.

A Ingila, cikin 1816 aka amince da ma'aunin Bartholomew Sikes, watau wani ɗan ƙarfe mai iyo wanda ke ƙara nutsewa gwargwadon yawan itanol. A 1824 masanin Faransa Gay-Lussac ya fito da awon kashi cikin ɗari, amma Ingila ba ta koma kansa ba sai 1980. Ana yin awon a zafin digiri 20, domin zafi yana sauya nauyin ruwa.

Barasa ba ta fitowa daga tukunya da ƙarfin da ake sayar da ita. A Sikotilan akan ɗura wiski cikin gangar itacen oak da ƙarfin wajen 63.5, doka kuma ta ce sai ya shekara 3 a ciki, kada kuma a sayar da shi ƙasa da 40. Galibi akan sirka shi kafin a sayar.

Lissafin ba shi da wuya ga ɗalibi. Lita 100 mai ƙarfin 60 tana ɗauke da lita 60 ta itanol. Don wannan lita 60 ta zama kashi 40, sai jimlar ta kai lita 150. Amma zuba lita 50 ta ruwa ba zai kai ta can ba, gama ruwa da itanol sukan shige jikin juna su tsuke. Lita 50 ta wannan da lita 50 ta wancan, wajen lita 96 suke bayarwa. Shi ya sa ake ƙara tataccen ruwa kaɗan-kaɗan, ana yi ana aunawa.

Idan kuwa iri biyu za a haɗa, mai 60 da mai 40, ana neman 45, sai a dubi ratar kowanne: 15 da 5. A musanya su, watau mudu 5 na mai ƙarfi, mudu 15 na mai rauni, ɗaya bisa uku ke nan. Masu haɗa magani da masu turare ma da wannan lissafi suke aiki.

Haɗarin yana inda ba ma'auni, ba mai sa ido. Wasu masu sayar da ogogoro sukan cika ta da ruwa, sa'an nan su mai da ƙarfinta da sinadarin masana'antu mai arha, mitanol, wanda harshe ba ya rarrabe shi da itanol. Kaɗan daga cikinsa yana makantarwa, yana kuma kisa. A 2015 mutane da dama suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, gommai kuma a Jihar Ribas, duk ta wannan hanya.

Ma'aunin iyo ma ba ya tona mitanol, domin nauyinsu kusan ɗaya ne. Sai an kai samfur ɗakin gwaji. Ya kamata jami'an lafiya da na kwastan su riƙe wannan.