Ba Kowace Shanyewa Ce Iri Ɗaya Ba

Yau zan yi magana ne a kan kalmar da muka fi ji a sashen gashi na asibiti, wato "ya shanye". Da hannu ko ƙafa sun daina aiki, shi ke nan an ce shanyewa, wasu ma su ce iska ce ta buge shi. To mu tambayarmu ta farko ita ce, a ina ɓarnar take?

Ga yadda abin yake. Saƙon motsi daga ƙwaƙwalwa yake tashi ya sauko cikin laka, daga nan wata jijiya ta karɓa ta kai wa tsoka. Zango biyu ke nan. In zangon farko ne ya lalace, bayan 'yan kwanaki ko makonni gaɓar takan yi tauri: hannu ya lanƙwashe a ƙirji, yatsu su dunƙule, ƙafa ta sandare mutum yana kewayo da ita in zai taka. In na ɗan bugi ƙasan gwiwarsa da 'yar gudumar nan tamu, sai ƙafar ta zabura fiye da kima. In kuwa zango na biyu ne, gaɓar saki take yi, tsoka ta rame, ka bugi gwiwa shiru.

Shanyewar ɓarin jiki ta zangon farko ce. Mafi yawanci gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, wani lokacin kuma jijiyar ce ke fashewa, kuma hawan jini shi ne kan gaba a masu jawo duka biyun. Jijiyoyin motsi suna gittawa kafin su shiga laka, shi ya sa ciwo a hagun ƙwaƙwalwa yake kama daman jiki. Kuma da yake a hagu cibiyar magana take ga yawancin mutane, wanda damansa ya shanye sau da yawa magana kan ƙwace masa. Ba haukacewa ya yi ba, ku daina magana a kansa kamar ba ya wurin.

Don Allah, in abin ya faru nan take, kada a tsaya ɗura masa ruwa ko magani, domin haɗiya ma kan samu matsala, ruwan ya wuce huhu. A yi asibiti. Maganin narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake so a bayar, kuma sai hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ba fashewa ba ce.

Sai karkacewar baki, wadda ke tayar da hankalin gida. Nakan ce mutum ya ɗaga gira. In goshi ya tattare duka gefe biyu amma baki a karkace, ƙwaƙwalwa nake zargi. In ɓarin fuskar gaba ɗaya ya ƙi, har ido ba ya rufuwa, galibi jijiyar fuska ce kawai, kuma yawancinsu suna warwarewa. Amma likita za a bar wa wannan hukuncin, ba madubi ba.

Shan inna kuma zango na biyu ce. Ƙwayar cutar tana kashe ƙwayoyin motsi a cikin laka, ƙafa ta sirance ta saki, amma in ka taɓa yaron yana ji. A Najeriya, a Borno aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a 2016, sannan a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Don haka yaron da tafin ƙafarsa ya faɗi bayan allura a ɗuwawu, a duba babbar jijiyar da ta bi ta wurin, wataƙila ita allurar ta taɓa.

Me ya sa nake ta rarrabewa? Saboda aikin ya bambanta. Gaɓa mai tauri miƙarwa a hankali take so, mai saki kuma tallafi da ƙarfafawa. Kada a ja mara lafiya ta hannun da ya shanye in za a tayar da shi, kafaɗar na iya gocewa. Gashi da ruwan zafi ma a kula, wanda jinsa ya ragu zai ƙone bai sani ba. Ku fara gwada ruwan da hannunku.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.