Haɗa Tarakta Bayan Gyaran Kuloci: Inda Aiki Ke Ɓaci

Wanda ya ga tarakta a gareji an raba ta biyu, inji da tayoyin gaba can, kujera da manyan tayoyi can, zai iya ɗauka hatsari ta yi. Ba hatsari ba ne, gyaran kuloci ne. Taraktoci irin su Massey Ferguson 135 da 165 da 375, waɗanda suka cika gonakinmu, ba su da firam irin na mota. Inji da giyabos da gidan tayoyin baya, ɗaure da juna da notuna, su ne ke ɗauke da nauyinta. Kuloci kuwa yana tsakanin inji da giyabos, don haka babu hanyar kai masa sai an raba ta.

Rabawa ba ta da wuya. Wajen haɗawa ne ake sanin bakanike.

Yawancin waɗannan taraktoci kulocinsu mai hawa biyu ne. In direba ya taka rabi, tayoyi su tsaya; in ya take har ƙasa, sandar baya mai juya injin casa ko famfo ita ma ta tsaya. Wato faranti biyu ne a ciki, kuma sanduna biyu ne ke fitowa daga giyabos, ɗaya a cikin ɗaya, kowace da haƙoranta. Dole haƙoran kowace sanda su faɗa cikin na farantinta, sannan bakin sandar ciki ya shiga ƙaramin boris da ke tsakiyar filawil. Duk wannan a ɓoye yake faruwa, ido ba ya gani. Shi ya sa tun kafin a ɗaure kuloci ake zura sandar saiti, ko tsohuwar sandar giyabos, don farantan su tsaya daidai tsakiya.

Kafin a tura ɓangarorin biyu su haɗu, sai ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya mai tauri. A garejin da yake rairayi ne, a shimfiɗa katako mai kauri ko faifan ƙarfe, domin jak yakan nutse. A cusa katako hagu da dama tsakanin jikin inji da ƙarfen tayoyin gaba, saboda a tsakiya kawai ƙarfen yake maƙale, kuma inji zai iya kifewa gefe ya danne mutum. Wannan ba abin sakaci ba ne. Yaran gareji da yawa suna zura hannu ƙarƙashin ƙarfen da bulo kaɗai ke riƙe da shi. Wasu ƙwararru kan yanke kan dogayen kusoshi biyu su ɗaura a jikin inji, su zama jagora wajen haɗawa.

Sai a turo a hankali, ana auna tazarar da ke tsakanin inji da giyabos sama da ƙasa, hagu da dama. In ta fi faɗi a sama, jak ne ke bukatar gyara. Sau da yawa aiki kan cije saura kamar faɗin yatsu biyu. A nan ne gaggawa ke shigowa: hadari ya fara haɗuwa, mai tarakta ya karɓi kuɗin haro a hannun manoma, yana tsaye yana cewa a ja ta da noti kawai. Bakaniken da ya biye masa zai lanƙwasa sabon faranti, ko ya fasa boris, ko ya tsaga gidan kulocin. Abin da ake yi shi ne a sa giyar sandar baya a juya ta da hannu, ko a ɗan juya inji, wasu suna turawa, har haƙora su dace. In sun dace, da kanta tazarar take rufewa.

A ganina, kuskure ne babba a raba tarakta a canza faranti kaɗai. Boris ɗin da ke danna kuloci, da na filawil, da robobin da ke tare mai a bayan inji da bakin giyabos, kuɗinsu bai kai na sake rabawa ba. Mai in ya ɗiga a kan faranti, santsi zai fara. Giris ma ɗan shafawa ake yi wa haƙoran sanda.

Bayan an ɗaure notuna, an mai da sitiyari da wayoyi da bututun mai, saura saitin feda. A bar mata ɗan wasa kafin ta fara dannawa, gwargwadon abin da littafin taraktar ya ce, domin in babu shi boris ɗin da ke danna kuloci zai yi ta juyawa har ya ƙone. Sannan a gwada hawa biyun duka kafin a ɗaura haro.