Kafin a zargi netwok, a duba cajar rauta

A shagunan buga takardu da cike fom na Ajingi da Toranke a jihar Kano, da zarar rauta, wato na'urar raba intanet, ta fara mutuwa tana sake tashi da kanta, sai ka ji an ce "yau netwok babu kyau". Sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba. Baƙar cajar nan da ke manne a soket ce ta gaji.

Wutar layi a Najeriya bolt 230 ce, mai kai-komo. Yawancin rautoci kuwa bolt 12 miƙaƙƙiya suke ci, amfiya 1 zuwa 2, wasu ƙananan TP-Link kuma bolt 9. Caja ce ke wannan juyin, kuma a cikinta akwai kafasito mai ruwa-ruwa da ke daidaita wutar. Zafi ne ajalinsa. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce duk ƙarin digiri 10 na rage rabin rayuwarsa. To, a ɗora wannan a kan shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne gajiyayyiyar caja ba ta mutuwa farat ɗaya. Fitilu za su kama, komai lafiya lau, amma wayoyi na hawa, rauta ta nemi ƙarin wuta, sai bolt ya faɗi ta ɗauke. Shi ya sa mai gyaran da ya sa mita a bakin cajar da ba ta ɗauke da komai, ya ga 12 ya ce ƙalau take, bai gama aikinsa ba. A auna ta tana kan aiki, ko a ari wata mai kyau a gwada.

A wajen aron ma ake ɓarna. Dole bolt ya zo daidai da abin da ke rubuce a ƙasan rautar. Amfiya ta fi ba laifi, ta gaza ne matsala. A duba zanen da ke nuna tsakiyar fulogi ce fozitif. Bakin ma iri-iri ne, akwai mai ramin milimita 2.1 da mai 2.5, kuma wanda ya yi sako-sako kan yanke wuta ko tebur aka taɓa. Cajar laftof mai bolt 19 kuwa, shigarta rami ba izini ba ne.

Sai tushen wutar. Kamfanin KEDCO ke raba ta a Kano, Katsina da Jigawa tun 2013, amma ɗan kasuwar karkara da janareta da sola ya dogara, balle bayan duhun Oktoban 2024 da ya rufe yawancin Arewa fiye da mako guda. A zare rauta kafin a tayar da inji da kafin a kashe shi, don a nan wuta ke tsalle. Masu jona rauta kai tsaye da batirin sola su sani yakan kai bolt 14.4 da tsakar rana, kuma ba kowace rauta ke jurewa ba. Ƙaramin madaidaicin bolt ko ƙaramar UPS mai fitar da 12 na magance wannan.

Fasa cajar don canza kafasito kuwa a bar wa gwani, a Gaya ko kasuwar Farm Centre ta Kano. Babban kafasiton ciki na iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare ta daga soket.